Baban yarana ya riƙe ɗana tun Ƙaramar Sallah, ina neman shawara

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Shekara 9 muka yi da baban yarana a gidan haya a Ɗorayi, kuma tun farko mahaifiyarsa ba ta so ni ba, domin 'yar ƙanwarta ta so ya aura. Na haƙura da gori, na sayar da sarƙata da keken ɗinkina lokacin da jarinsa ya karye a Kantin Kwari, amma da Allah ya farfaɗo da shi sai ya ƙara aure, bayan wata 5 ya aiko mini da takardar saki ta hannun ƙaninsa. Na koma gidanmu da yara biyu, namiji mai shekara 7 da mace mai shekara 4. Ranar Ƙaramar Sallah ya aiko a kai masa yaron yawon Sallah, har yau bai dawo da shi ba, wai ɗa namiji idan ya kai shekara 7 na uba ne. Kayan makarantarsa suna nan rataye a bayan ƙofa, ƙanwarsa kuma kullum da magariba sai ta ce a rage masa tuwo. Idan na kai ƙara, wa alƙali zai ba wa yaron?

Wani tsohon magatakardan kotu:
'Yar'uwa, maganar shekara 7 ba tamu ba ce. Tana cikin wasu mazhabobin, amma kotunan Shari'a na Kano da mazhabar Malikiyya suke hukunci, kuma a wurin Malikiyya uwa ce ta fi kowa haƙƙin riƙo, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Ci da sha da sutura da magani da karatu duk suna wuyan uba, ko da yaran suna hannunki, kuma alƙali yana yanka kuɗin ciyarwa ne gwargwadon samun uban. Ki je kotun yankinku ki shigar da ƙara a ba shi sammaci. Abin da za a bincika shi ne hankalinki da amanarki da lafiyarki da amincin gidan da kike zaune. Wanda bai gamsu ba yana iya ɗaukaka ƙara, har zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha. Sai dai ba ki gaya mana ko kin yi wani auren ba.

Wata uwa daga Kurna:
Ni dai ba zan ba ki shawarar maka uban 'ya'yanki a kotu ba. Na yi, an yanka masa naira 15,000 a wata, ya biya sau uku ya daina, na gaji da zirga-zirgar adaidaita sahu na haƙura, kuma har yau danginsa ba sa amsa gaisuwata. Ki fara da mai unguwa da manyan ɓangarorin biyu, ko ki je Hisbah a yi muku sulhu.

Wani magidanci daga Fagge:
Kullum uba ake ɗora wa laifi. Shekara 2 ina aika kuɗin ciyarwa ba fashi, amma duk ranar da na je ganin 'ya'yana sai a ce sun tafi Islamiyya. Wanda aka yi wa haka, me zai hana shi riƙe ɗansa ranar da ya same shi?

Mai tambaya:
Malam, ban yi aure ba tukuna, amma an sa rana bayan Babbar Sallah. Mutumin kirki ne, ya ce zai riƙe su kamar nasa. Ban faɗa ba ne domin ban ga abin da ya haɗa wannan da ɗauke mini ɗa ba tare da izini ba. Kuma Alhaji, ni ban taɓa hana shi ganinsu ba, sau biyu ne kawai na ce kada a kai su su kwana wurin amaryarsa.

Tsohon magatakardan:
Ai nan maganar take, kuma da ita ya kamata ki fara. Idan kika auri wanda ba muharramin yaran ba ne kuma kika tare, haƙƙin riƙonki ya faɗi, kamar yadda hadisi ya nuna cewa uwa ce ta fi cancanta matuƙar ba ta yi aure ba. Amma ba wurin uba yake komawa kai tsaye ba, yadda mutane da yawa suke zato. Mahaifiyarki ce gaba, sannan ɓangarenki na mata irin su 'yar'uwarki, kafin a zo ɓangaren uba. Idan kuwa mai haƙƙin karɓa ya san da auren ya yi shiru har shekara guda ba tare da uzuri ba, malamanmu sun ce riƙon ya zauna a hannunki. Saboda haka ki tafi kotu tare da mahaifiyarki tun kafin ɗaurin aure.

Uwa daga Kurna:
Malam, abin da ke cikin littafi daban, abin da ake gani daban. Ko an ba kaka riƙo, idan uba ya ƙi ciyarwa tsohuwa ce za ta wahala. Ki ɗaga auren nan tukuna.

Mai tambaya:
Hajiya, ba zan ɗaga ba, shekara guda da rabi ina zawarci a ɗaki ɗaya da ƙannena. Mahaifiyata kuma tana fama da hawan jini da ciwon ƙafa, ba za ta iya da yara biyu ba, kuma ban ga dalilin da zan haifi 'ya'ya in miƙa wa wani ba alhali ina raye. Abin da nake tambaya shi ne yadda zan karɓo yarona ya koma makaranta, domin na riga na biya kuɗin zangon nan.

Magidanci daga Fagge:
To shi yaron, akwai wanda ya tambaye shi inda yake so ya zauna?