Musayar waƙa: Kamaru ya ƙare ko da saura?

Ɗan Argungu:
Salamu alaikum 'yan dandali. Masu cewa Kamaru Usman, ɗan damben keji na gasar UFC, ya ƙare, ga tawa, mai amsa ya amsa.

Kamaru ɗan Auchi ina gaishe ka,
2019 ka karɓe kambu ya zama naka,
Sau biyar ana zuwa a ƙwace maka,
Sau biyar suna juyawa su bar ka.
Agustan 2022 can a Amurka,
Turmi na biyar, maki na hannunka,
Saura minti guda alƙali ya ɗaga ka,
Ƙafar Edwards ta sauka a kanka.
Ka bi shi Landan, fansa ba ta yi maka,
Abu Dhabi ma Chimaev ya fi ka,
Uku a jere, an ce ka rataye safarka,
2025 Buckley ya ji nauyin hannunka.

Mahaucin Gusau:
Kai yaro, wanga yabo ya yi yawa.
Mu gidan dambe doka ba ta canzawa,
Gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kisa, sai rabawa,
Mai kalangu ya saki kiɗa, a hau rawa.
Su ko cikin keji in ka faɗi sai dannawa,
A murɗe hannu, a shaƙe wuya har sumewa.
Ina jarunta ga dukan mai faɗuwa?

Ɗan Argungu:
Baba, a yi haƙuri, ƙasan nan ita ce makaranta,
Kokawa ya fara, a Texas ya koye ta,
2010 ya ci gasar jami'o'i da ita.
Wanda an danne shi ya miƙe, nan ake gwada ta.

'Yar Yauri:
Baba a ba ni izini, ni na Kamaru ƙasa zan kawo, ba Kamaru mutum ba.

Ngannou tun yana yaro yake haƙar yashi,
Ya keta Sahara, Sifen wata biyu ta kulle shi,
A titin Faris yake kwana, ba mai kula shi.
2018 Miocic ya yi ta kayar da shi,
Turmi biyar, ƙato ya rasa numfashi,
Ƙarfi na nan, dabara ce ta gaza mashi.
Ya koma ya koyi kokawa, ya rage gaggawar shi,
2021 turmi na biyu Miocic bai iya tashi.

Mahaucin Gusau:
Ɗiyata kin yi magana, na karɓi rabi. Amma ku ji abin da idona ya gani:

Akwai tsoho a kasuwarmu yana zama,
Da can in ya ɗaure zare gari ka kama,
Yau kofin shayi hannunsa ba ya kama,
Rabi a baki, rabi a riga, yana kyarma.
Kwanya ba ta manta dukan da ta sha ma,
Ku da ke tafi a waya ba ku san da haka ba ma.
Kamaru da bakinsa ya ce gwiwa ta yi tsama,
Haihuwar 1987 ne, shekaru sun yi sama.

'Yar Yauri:
Shi ya sa keji ya bar ƙofar tsira:
In an murɗe ka, buga hannu, alƙali ya tsai da sauran,
Ka koma sansani da ƙashinka, ka gyara.

(Na san layi na biyu ya karya amsa-amo, Baba kada ya kashe ni a kai.)

Ɗan Argungu:
An yafe miki. To ga biyu kan Adesanya, mutanen Ƙaura da Jega su cika:

Sau uku Pereira yana kada ɗan Legas,
Afrilun 2023 a Miami aka sake gwada ƙwas...