Ranar da kuka buɗe tsohuwar bindigar iska, me kuka tarar a ciki?

Baban Sadiya, Zariya

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Labari nake nema daga bakin waɗanda suka yi da hannunsu. Tsohuwar bindigar iska mai sifirin ta shigo hannunka, ko gado ko saye, ka ɗana ka harba ka ji ba ƙarfi. Me ka tarar a cikinta, me ka yi mata, kuma yaya take yanzu?

Tawa ƙirar Diana 27 ce ta kawuna, Allah ya jiƙansa, da ita yake korar tsuntsaye a gonar dawa. A jikin silinda ta hagu, can baya dab da katako, akwai 'yan lambobi ƙanana waɗanda sai an haska fitila ake ganinsu: 03 72, wato an ƙera ta a watan Maris na 1972. Da na gwada ta, ko kwali dalmar, wato ɗan harsashinta, ba ta huda ba. Duk wanda na nuna wa sai ya ce sifirin ya mutu, a nemo mai ƙarfi. Ni kuwa hannuna ya gaya mini akasin haka, domin wajen karya bututun nauyin yana nan daram, sai dai in an ja kunama ƙarar ƙarfe kan ƙarfe ake ji, alamar babu iskar da ke tare fistan, wato ƙarfen da sifirin ke turawa ya matse iska a cikin silinda. Fatar kan fistan ce ta bushe, ta sha hunturu shekara da shekaru a saman sif. Na ɗiga mata man silikon ta 'yar ƙofar da iska ke fita, na jingine ta baki sama har fatar ta sha. Ƙarfi ya dawo, amma ba duka ba. Yanzu ina tsakanin in buɗe ta da in ƙyale ta.

Maƙerin Maraɗi

Wa alaikumus salam Malam. Buɗe ta, amma kada ka soma sai ka tanadi matsi. Ko ba a ɗana bindiga ba, sifirin ɗinta a danne yake, kana zare fil ɗin baya zai yi waje da duk abin da ke gabansa. Nawa matsin katako ne mai kauri da dogon noti a ƙarshensa, ina warware shi sannu sannu har sifirin ya saki jiki.

Na buɗe irin taka sak. Abin da zai ba ka wahala kunamarta ce. Ƙwallaye uku ne 'yan mitsi-mitsi a cikin wani bututu, su ke riƙe wutsiyar fistan in an ɗana. Shimfiɗa farin zane kafin ka fara, domin in ɗaya ta gangara ƙasa ka shiga nema. Wajen mayarwa ka manne su a raminsu da giris mai kauri.

Fatar da na tarar ta tsage gefe guda. Na kai ta wajen baduku, muka zaɓi ƙirgi mai kauri, aka yanka shi da'ira ya ɗan fi silinda faɗi. Na jiƙa shi, na danna shi cikin guntun bututu mai faɗin silindar, na bar shi ya bushe a haka, ya fito da siffar ƙoƙo. Daga nan na gyara bakin da reza, na tsoma shi a mai ya ƙoshi. Kada ka manta da 'yar fatar da ke zagaye da ramin sa dalma. Ɗora tsinken auduga a wajen ka harba cikin tudun yashi. In audugar ta tashi, iska na zurarewa ta nan, kuma sau da yawa rabin ƙarfin da ake kuka ya ɓata a nan yake tafiya. Sifirin na asali na mayar, don a miƙe yake ba karaya.

Dattijon Zango, Kumasi

Ku bushewa ke damunku, mu nan danshi ne. Wadda wani yaron unguwa ya kawo mini ta kakansa ce, tsatsa ta ci wajen bututun, amma ba ita ce babbar ɓarnar ba. An ce masa in ya zuba baƙin mai a silinda za ta yi ƙarfi, ya zuba. Ta yi ƙara kamar ta albarushi, hayaƙi na fita, yana murna. Abin da ke faruwa shi ne, fistan na matse iska cikin ƙiftawar ido, iskar ta yi zafin da zai kunna mai, yadda injin dizal ke tashi ba tare da fulogi ba. Wutar sai ta banko fistan baya da ƙarfi. Da na buɗe, fatar ta ƙone ƙurmus, sifirin ya karye gida uku, cikin silinda duk baƙin gawayi. Na wanke, na sa sabon sifirin daidai girman tsohon, na ce masa daga yau ba baƙin mai, ba man keke, ba man gyaɗa. Kuma kada ya kuskura ya harba ta babu dalma a ciki, don dalmar ce ke tare iska ta zama matashi ga fistan.

Abu Hafsa, Bamingam

Baba Dattijo, Allah ya ƙara girma, wannan gargaɗi ya kamata kowa ya riƙe.

Ni bindigogin kamfanin BSA nake tarawa, kuma garin da nake zaune shi ne gidansu, a unguwar Small Heath masana'antar take. Wadda na fi ji da ita Airsporter ce ta farkon fitowa, ƙirar da ta soma a 1948. Ba a karya bututunta. Sandar ɗanawa a ɓoye take ƙarƙashin katako, kana janta sai famfon sa dalma, wato ɗan ƙarfen da ke juyawa ya buɗe ramin da ake jefa dalma, ya buɗe da kansa. Duk wanda ya gan ta daga nesa zai ɗauka bindigar farauta ce ta gaske, don babu abin da ya leƙo waje.

Na saye ta a matsayin mara ƙarfi mai watsa harbi. Na buɗe na tarar komai lafiya, fata da laushinta, sifirin garau, sai tsohon giris da ya daskare. Na wanke na mayar, harbi bai gyaru ba. Wani tsoho a kulob ɗinmu ya karɓa, ya jefa dalmata a famfon, ya ce in duba yadda ta faɗa ba ta taɓa ko'ina ba. Tsofaffin bindigogin Ingila masu lamba .22 raminsu milimita 5.6 ne, dalmar da ta cika kasuwa yanzu kuwa 5.5 ce, ma'aunin Jamus. Ya ba ni 'yan 5.6 daga gwangwaninsa, nan take harbin ya haɗu wuri guda. Saboda haka Baban Sadiya, kafin a ɗora wa ƙarfe laifi a gwada dalma iri daban-daban.

Abu na biyu, a nan Ingila doguwar bindigar iska ƙarfin harbinta ba ya wuce fut-fam 12 a ma'aunin Ingila, wajen jul 16 ke nan a ma'aunin sauran Turai, in ba ka da takardar izini. Duk wanda ya taɓa cikin bindigarsa sai ya bi da ita ta na'urar auna gudun dalma, domin gyara mai kyau kaɗai kan iya tsallakar da ita iyaka ba ka sani ba. A Sikotland kuwa tun ƙarshen 2016 kowace iri sai da takarda.

Injiniya, Kaduna

Tunda an taɓo doka, mu na gida mu ji. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa bindigar iska cikin jerin waɗanda sai da lasisin 'yan sanda ake riƙewa. Kasancewarta gado ba ya ɗauke wannan. A halin tsaron da ake ciki, kada wanda ya jefa ta a but ya hau hanya ba takarda.

Tawa Weihrauch HW35 ce, mai 'yar sakata a gefen hagu da ake dannawa kafin bututu ya karye. Tun 1951 ake yin wannan ƙira a Mellrichstadt ta Jamus. Wanda ya riƙe ta kafin ni ya cusa mata wani jibgegen sifirin mai kusurwa huɗu, ya ƙara washa a baya. Ɗana ta sai da nishi, in ta tashi har haƙori kake ji, sukurorin katako kullum a kwance. Ƙarfin da aka nema kuma bai samu ba. Ƙarfin irin wannan bindiga yana ga yawan iskar da fistan ke turawa, wato faɗin silinda da nisan tafiyarsa, kuma maƙera sun riga sun yanke wannan. In sifirin ya wuce kima, dukan ƙarshen silinda kawai fistan yake yi ya dawo. Na cire shi, na sa na ƙa'ida, na sa aka juya mini sandar roba mai tauri wadda ta cika cikinsa cif don ya daina kaɗawa, na shafa giris ɗin moli kaɗan a bayan fistan. Yanzu ƙararta gajera ce, tuk, shi ke nan. Kunamar da ke jikinta, wadda ake kira Rekord, ban taɓa ba banda wanki, kuma ina roƙon kowa kada ya kai mata zarto.

Inda na saɓa da Maƙeri shi ne fata. A yanayinmu na arewa na fi son a sa mata sil na roba a madadin fatar a huta da ɗiga mai.

Maƙerin Maraɗi

Injiniya, ranka ya daɗe, roba tana son silinda mai santsi wadda ba ta da ƙwarzane. Bindigar da ta haura shekara hamsin da wuya cikinta ya zama haka. Fata kuwa tana bin duk yadda ta tarar da bango ta toshe. Kuma in roba ta mutu sai ka jira saƙo daga Turai, fata kuwa tana bakin kasuwa. A bindigar da kake harbawa kullum na yarda da kai. A ta gado, a bar ta yadda masu ita suka yi ta.

Maman Yusra, Hambog

Sallama gare ku iyaye da yayye. Ni a kulob ɗin harbi na unguwarmu na koya, nisan mita 10, kuma da suka koma bindigogin zamani masu tulun iska sai suka sayar da tsofaffin, na ɗauki Feinwerkbau 300S. Da ita da ire-irenta aka yi ta cin gasa a shekarun 1970 da farkon 1980, kafin ma harbin bindigar iska ya shiga Olamfik a 1984. Ba ni na buɗe ta ba, mai kula da makaman kulob ne, ina tsaye ina kallo. Babu fata a kan fistan, zoben ƙarfe ne irin na injin mota, kuma bai ci ba ko kaɗan. 'Yan robobin gaba kawai aka sauya, shekaru sun cinye su. Abin da ya fi burge ni, in ta tashi duk ƙarfen saman ne ke zamewa baya kaɗan a kan layinsa, katakon da ke kafaɗar mai harbi ba ya motsi.

Ƙarfinta bai wuce jul 7.5 ba, iyakar da Jamus ta sa wa masu tambarin F, waɗanda duk mai shekara 18 zai iya saya ba lasisi. Da wannan ɗan ƙarfin ake neman ɗigon tsakiyar takarda mai faɗin rabin milimita. Shi ya sa nake jin ciwo in na ga an lalata tsohuwar bindiga wajen neman ƙarfi.

Ɗan Gusau

Tambaya gare ku manya. Na gyara tawa, tana harbi lafiya a tsaye, amma da na ɗora ta kan bulo don in daidaita saiti sai ta watse. Madubin saitin da na ɗaura mata ma ya lalace.

Abu Hafsa, Bamingam

Ƙanena, ba gyaranka ne ya ɓaci ba. Mai sifirin tana motsi sau biyu kafin dalma ta bar bututu: ta ja baya lokacin da fistan ya tashi, ta zabura gaba lokacin da ya tsaya. In ka matse ta ko ka ɗora ta kan abu mai tauri, kowane harbi da irin tsallen da za ta yi. Buɗe tafin hannunka ka ɗora ta a kai, wuri ɗaya kullum, kafaɗa ta taɓa ta kawai, ka bar ta ta yi motsinta. In za ka jingina, hannunka ya shiga tsakaninta da bulon. Wannan zabura ta gaba ita ce ke kashe madubin da ba don mai sifirin aka yi shi ba, don haka ka tambaya kafin ka sayi wani, ka kuma nemi maɗauri mai fil da ke shiga ramin saman silinda. Sa'annan ka duba sukurori ukun da ke riƙe katako, biyu a gaba ɗaya wajen kunama. In za ka sa dalma kuma, hannu ɗaya ya riƙe bututun gam har ka rufe, yatsa nesa da kunama. Faɗa mini wace iri ce da irin dalmar da kake sa mata, in gaya maka nisan da za ka fara saiti a kai.