Na sayi gida a Mabera, ashe gadonsa yana gaban alƙali

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata 4 ke nan da na sayi gida a unguwar Mabera da ke Sakkwato hannun babban ɗan marigayi mai gidan, naira miliyan 9, da dillali da shaidu biyu da takardar ciniki. Gumina ne na shekara 11. Na sa an juye yashi tifa guda a ƙofar gidan, sai ga wata dattijuwa ta kwance bakin mayafinta ta fito da takardar kotu. Matar marigayin ce, kuma tun bara ake shari'ar rabon gadon. Wallahi ban sani ba. Ina makomar kuɗina?

Wani lauya: Alhaji, ka tsayar da aikin nan yau, kada ka ɗora bulo ko ɗaya. A doka, wanda ya sayi gidan da ake shari'a a kansa, hukuncin da kotu ta yanke ya hau kansa, ko da bai san da ƙarar ba. Ka nemi a shigar da kai cikin shari'ar, alƙali ya san akwai kuɗinka a ciki. In kuma gidan yana da takardar mallaka ta gwamnati, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ce sai da amincewar gwamna ake sauya masa hannu.

Wani malami: Ɗan'uwa, Allah ya ba ka mafita. A mazhabar Malikiyya, wanda ya sayar maka, kasonsa na gado kaɗai yake da ikon sayarwa. Na sauran magada, cinikin yana rataye sai sun yarda. In sun ƙi, ya warware, ka bi shi kuɗinka. Ko a kason nasa ma suna da haƙƙin shuf'a tunda ba a raba ba: su biya ka abin da ka biya a kansa, su karɓe.

Wata 'yar'uwa: Yaya, don Allah kada ka riƙe baiwar Allahn nan a zuci. Tumuninta, wato kasonta na ɗaya cikin takwas a gadon, da rabon marayunta take karewa. Ka ɗauki mai unguwa da dillalin ku same ta, ku kuma tare mai sayarwar tun bai cinye kuɗin ba.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na sallami magina ɗazu. Gobe da safe zan kai wa lauya takardar cinikin da shaidar tura kuɗi ta banki.