Gashi yana bushewa kwana biyu bayan shafa mai, ina matsalar take?

Assalamu alaikum 'yan uwa masu gyaran gashi. Ina neman shawararku kan gashi mai tauri, wanda ba a taɓa sa masa rilaksa (man miƙar da gashi) ba.

Tsarin shi ne wanki sau ɗaya a mako, a raba gashin gida huɗu tun da danshinsa, a shafa kwandishanan da ba a wankewa, a bi da man zaitun rabin cokalin shayi a kowane gida, sai man kaɗanya a bakin gashin. A yi kitso, a kwana da ɗankwalin siliki.

Da damina lafiya lau. Hunturu na kamawa, kwana biyu ya bushe: sama na ƙyalli, amma taje na taɓawa sai karyewa. An cire man kwakwa da ake sawa a da saboda yana daskarewa da sanyi, amma gashin bai canza ba.

Zargina yana kan gilisarin, sinadarin da ke jawo laima daga iska zuwa gashi, shi ne na uku a jerin sinadaran kwandishanan, kuma iskar hunturu ba ta da laimar da zai jawo. Ko kuwa ruwan burtsatse ne ke barin gishiri a gashin?

Don Allah, a sauya kwandishanan ne, ko a fara sa kaɗanya kafin zaitun?