Shekara guda a kamfani kafin digiri: koyon aiki ne ko wankin kwalba?

Ɗan Aboabo: Salamu alaikum. Jiya a majalisa Kawu ya ce duk ɗalibin kemistiri na jami'ar KNUST da ke Kumasi a tilasta masa yin shekara guda a kamfani kafin a ba shi digiri. Ni dai ban yarda ba. Hutun bara na yi atachmen, wato koyon aiki, a wani kamfanin sabulu, wallahi wata biyu ba abin da nake sai wankin kwalabe da jan jarkar soda, injin gwajin ma ba a bari in taɓa, kuɗin trotro, wato motar haya, kuma daga aljihuna, to wannan za a mai da shekara?

Kawu na Asawase: Wa alaikumus salam ɗana. Ina nan kan bakana. Ni ma da wankin kwalba na fara, kwalba mai datti ita ke ɓata gwaji. A makaranta malami ya san amsa tun kafin ka fara, a wurin aiki ba wanda ya sani. Ruwan madatsun Barekese da Owabi da muke sha, in damina ta kankama ya yi jajur, sai ka jera kwalabe shida ka zuba awon alif daban daban, ka tsaya kana kallon wanne zai kwantar da lakar. Wane aji ne zai koya maka wannan?

Ɗaliba daga Tafo: Kawu a gafarce ni, ku an sa ku a hanya ne, mu takarda kawai ake ba mu a ce je ki nemi wuri. Manyan kamfanonin suna Tema, ma'adinai na Obuasi, wa zai biya ɗaki? In da gaske ake, jami'a da kamfani su rubuta yarjejeniya, a ba ɗalibi matsala guda ya warware, lakcara ya zo ya duba, a ba shi ɗan alawus.

Ɗan Aboabo: Yauwa, in haka ne ko gobe.

Kawu na Asawase: Alawus kam na yarda. Amma shekarar ba na rage ko wata ɗaya.

Hajiya mai sabulu: Ku duk Tema kuke hange. Ni nan Sabon Zango nake dafa sabulu da manja da soda, wani zubin ya yi kyau wani ya ci wa mutane hannu, kuma awon ɗaya nake yi da gwangwani ɗaya. Ɗana na Aboabo, ran Asabar zan zuba, za ka zo?