Ɗakin hamsta a zafin Maraɗi

Maman Amira: Salamu alaikum 'yan zaure. Ƙanena ya kawo wa Amira hamsta daga Yamai, ɗan dabban nan mai kama da ɓera mai guntun wutsiya. Yana cikin kwali, har ya fara cinye gefen. Kejin tsuntsu zai yi?

Baban Sani: Hajiya, ɓera ne ya samu gata. Ki kai shi rumbu kawai 😂

Hadiza: Kai Baban Sani! Yaya, kar ki sa shi a kejin tsuntsu, haƙa rami yake so. Kafinta ya buga miki akwati, tsawo mita 1, faɗi santimita 50, murfi na ragar waya. A zuba yagaggiyar takarda marar tawada, zurfin santimita 20 ko fiye. Garin katako na wurin kafinta ban yarda da shi ba, ƙura gare shi, tana taɓa numfashinsu.

Malam Idi: Ni zafi ne ya fi damuna. In irin na Siriya ne, daga wajen Halab aka kamo kakanninsu a 1930, kuma can ma da rana cikin rami suke wuni. Digiri 18 zuwa 24 suke so, mu kuwa nan Afrilu da Mayu sai mu wuce 40. Ɗakin kwano kashe shi zai yi. Ki nemi ɗakin da ya fi sanyi a gidan, ki ajiye akwatin kusa da randa, inda rana ba ta shiga. Ki kwantar masa da ƙaramar tukunyar ƙasa a ciki, zai shige ya ji sanyi. Kada Amira ta yi masa wanka da ruwa don tausayi. Rairayin gulbi za a tankaɗe, a gasa a kasko, ya huce, a zuba masa ya yi birgima.

Maman Amira: Na gode Malam. To zan samo masa aboki, kar kaɗaici ya dame shi.

Hadiza: A'a Yaya! Ba kamar ɓeran Masar ba ne, biyu a akwati ɗaya faɗa za su yi har jini. Abinci kuma hatsi, ɗan karoti, gujiya jefi-jefi. Ban da albasa da tafarnuwa.

Baban Sani: Duk kun manta da mussa. Ta maƙwabta kaɗai ta isa.

Maman Amira: Innalillahi, namu ma biyu ne a gida. Hadiza, a gaya wa kafintan ya sa wa murfin sakata.