Tazarar -7.5 ko cin wasa kai tsaye? Ina neman shawara kafin daren yau

Sabon_Shiga: Salam 'yan'uwa. Na daɗe ina kallon NBA, gasar ƙwallon kwando ta Amurka, amma ban taɓa sa kuɗi ba. Akwai wasa yau, manhajar ta nuna min masu gida -300, baƙi +240. A ƙasa ga -7.5 da -110 a gefensa, sai kuma jimillar maki 226.5. Dala 40 na ware, ba zan ƙara ko sisi ba. Matsalar ita ce masu gidan jiya ma sun buga, kuma tauraronsu yana jerin waɗanda ake shakkar fitowarsu. In ɗauki cin wasa kai tsaye ko tazarar? Sannan idan aka shiga ƙarin lokaci, ana lissafa makinsa?

Mai_Sa'a99: Ɗauki oba kawai, wato jimillar maki ta haura 226.5, ka kwanta. NBA ba a tsaron gida yanzu, kowa jifan maki uku yake yi.

Kyaftin: -300 ai garaɓasa ce, ka sa 100 ka kwashi 300. Me kake jira?

Malam Lissafi: Kyaftin, ka juya abin. Alamar ragi tana nuna abin da za ka zuba kafin ka ci ribar 100. Wato -300, sai ka sa 300 ka samu 100. Alamar ƙari ce ke nuna ribar da 100 za ta kawo, +240 ka sa 100 ka ci 240. A tsarin da yawancinmu muka saba, -300 shi ne 1.33, -110 kuma 1.91, wato abin da kowace dala ɗaya za ta dawo da shi har da uwar kuɗi. Ƙanina, dala 40 ɗinka a cin wasa kai tsaye ribarta 13 da 'yan kai, a tazara kuma 36 da 'yan kai, amma sai masu gida sun ci da maki 8 ko fiye. Rabin makin nan an sa shi ne don kada a yi kunnen doki a maido maka kuɗinka. Ƙarin lokaci yawanci yana shiga lissafin cikakken wasa, sai dai ka karanta ƙa'idar manhajarka, don wasu suna da kasuwar minti 48 kaɗai.

Kyaftin: To shi ya sa kuɗina ba ya cika kenan.

Tsohon Hannu: Yaro, bari in ba ka labarin tazara tunda ita kake tambaya. Shekara biyu da suka wuce na haɗa wasa shida a tikiti ɗaya, duk tazara, duk 1.91. Dala 60 na sa, abin da zai fito ya kusa 2,900. Biyar suka shiga. Na shida ina da -9.5, ƙungiyata tana gaba da maki 11, saura daƙiƙa ashirin. Manhajar ta yi min tayin in karɓi kaso mai tsoka in fita, na ce Allah ya kiyaye, in bar cikakken kuɗi saboda daƙiƙa ashirin? Kociyoyi duk sun cire manya, 'yan benci ne a fili, har an fara gaisawa. Sai wani yaro da ban taɓa jin sunansa ba ya ɗaga ƙwallo daga nesa, ba wanda ya ma ɗaga masa hannu, ta faɗa raga ana busa tashi. An ci da 8. Ƙungiyata ta yi nasara, 'yan kallo suna murna, ni ina zaune cikin duhu da waya a hannu kamar an yi min rasuwa.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Washegari na ce sai na rama. Na sa 200, ta tafi. Na taɓa kuɗin haya. Na ranta a wurin abokin aiki na ce masa rashin lafiya ce. Wata huɗu ina bin dala 2,900 da ban taɓa riƙewa a hannuna ba, ina jin kamar an ƙwace min ne. Ranar da matata ta ga saƙonnin banki ba ta yi faɗa ba, tambaya ɗaya ta yi min, tun yaushe? Har yau ban gama biyan bashin ba.

Mai_Sa'a99: Allah sarki. Amma Baba laifinka ne, da ka karɓi tayin nan.

Tsohon Hannu: Kai ma da kana wurin ba za ka karɓa ba. Kowa gwani ne bayan an tashi wasa.

Malam Lissafi: Abin da ba a faɗa game da haɗa wasanni shi ne ladan kamfani ma ninkuwa yake. Wasa shida na rabi-da-rabi, adalcin farashinsu ninki 64 ne, an ba Tsohon Hannu 48 da rabi. Ko a wasa ɗaya ma, a -110 sai ka ci kashi 52.4 cikin ɗari na tikitinka kafin ka dawo da uwar kuɗinka.

Hajiya_Kwando: Ni a tawa manhajar -6.5 nake gani a 1.87. Ina kuka samo 7.5?

Ɗan_Benci: Nan -8 ne cif, 1.95. Wani yana yi wa wani ƙarya.

Hajiya_Kwando: Yanzu na sake dubawa ya sauka -5.5. Ina jin labarin tauraron nan ya fito.

Sabon_Shiga: To idan bai buga ba fa, tikitina yana nan ko ya lalace?

Ɗan_Benci: Tikitin ƙungiya yana nan daram, ko da mai shara suka sa a fili. Wanda ake sokewa shi ne na makin ɗan wasa, in bai taka fili ba sam. In ya shiga minti biyu ya dafe cinya ya fita, ka shiga uku. Ka tuna Jontay Porter na Toronto Raptors, a 2024 NBA ta kore shi har abada, saboda ya tsegunta wa 'yan caca halin lafiyarsa kuma ya fice daga wasa da wuri don masu onda, wato waɗanda suka sa kuɗi cewa ba zai kai adadin da aka sa masa ba, su ci.

Kyaftin: Ai duk shiri ne. Alƙalin wasa Tim Donaghy ma ba a 2007 asirinsa ya tonu ba? Har gidan yari ya je.

Malam Lissafi: Mutum biyu cikin shekara goma sha bakwai ba su mai da wasa 82 na kowace ƙungiya shiri ba.

Mai_Sa'a99: Malam, da girmamawa, kai ka taɓa cin ko dala ɗaya? Kullum alli da allo. Ni watan jiya tikiti uku na ci a jere.

Malam Lissafi: Nawa ka yanka kafin ukun? Turo mana tarihin asusunka gaba ɗaya.

Mai_Sa'a99: Wayar ba caji.

Ɗan_Benci: Wayar da kake rubutu da ita?

Abu Maryam: Ku ji tsoron Allah. Kuna ta gardamar wane ne gwani a caca, alhali hukuncinta ba ɓoyayye ba ne. Ɗan'uwa, ka ji abin da ya sami bawan Allah a sama, ka riƙe kuɗinka.

Hajiya_Kwando: Gaskiya ka faɗa Malam. Ni dai abin da zan ƙara, wanda ya saba da NBA kada ya ɗauki lissafinta ya kai EuroLeague, gasar kwando ta Turai. Can kwata minti 10 ce, ba 12 ba. Na taɓa ganin jimillar maki 160 na ce wannan oba ce a ɓagas, ban san minti takwas ne babu ba.

Kyaftin: Ni a 2016 na sa wa Golden State, ƙungiyar da ta ci 73 ta faɗi 9 kacal, tana gaba 3-1 a jerin wasannin ƙarshe. LeBron James da ƙungiyarsa ta Cleveland suka juya suka ci kofin, ya cinye min kuɗin sabuwar waya.

Ɗan_Benci: Ku bar maganar faɗuwa, cin ma masifa ce. Ni da nake zuba kuɗi ba wanda ya tambaye ni ko sunan kakana. Ranar da na ci 700 na zo cirewa, sai ga saƙo: turo katin shaida, turo takardar banki, turo hotonka riƙe da katin. Na tura sau uku, wai hoton bai fito ba. Kwana goma sha tara.

Hajiya_Kwando: Kai an biya ka ma. Ni bayan na ci sau huɗu a makin 'yan wasa sai suka rage min abin da zan iya sawa zuwa dala 3. Mai faɗuwa ba a taɓa rage masa.

Tsohon Hannu: Ni kam ba su taɓa rage min ba. Har kyautar dawowa suke turo min.

Sabon_Shiga: Saura minti arba'in a fara, yanzu kuma -4.5 nake gani. Har yanzu ba wanda ya ce min wanne zan ɗauka.

Ɗan_Benci: Hajiya, da kika rubuta musu ƙorafi, mutum ne ya amsa miki ko na'ura?